Ginin Ƙasa Sai da Yaɓe: Yadda Ekklesiya Za Ta Riƙe Gadonta

'Yan'uwa masu karatu, gado iri biyu ne. Akwai na gona da shanu da rumbu, wanda dangi suke zama su raba bayan rasuwar maigida. Akwai kuma wanda ba ya rabuwa, sai dai a miƙa shi baki da baki: harshen da aka yi mana goyo da shi, waƙoƙin da muke yabon Allah da su, yadda muke gai da manya, da yadda muke taruwa mu yi godiya idan amfanin gona ya shigo gida. Wannan na biyun muke so mu duba yau.

Ga dalilin da ya sa muka ɗauko maganar. Da yawa cikinmu mun sayar da hatsi da awaki mun sa yara a makaranta, Allah kuwa ya sa albarka. Waɗansunsu yanzu ma'aikata ne a birnin Kano, har akwai masu zama a Nassarawa G.R.A. da Bompai. Suna zuwa sujada, suna ba da baiko, suna aiko da taimako gida. Amma sujadar da suke shiga ta Turanci ce, makarantar 'ya'yansu ta Turanci ce, hirar gida ma haka. In Kirsimati ta zo aka kawo jikoki ƙauye, sai ka ga kaka da jika suna kallon juna, sai an nemo mai fassara. Yaro ba ya iya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa ya karanta wa tsohuwar da idonta ya raunana. Wannan asara ta wuce gida ɗaya, ta shafi ekklesiya duka.

Za mu duba abu uku: gadon da muke da shi da inda ya fito, yadda waɗansu masu bi a wata ƙasa mai nisa suke riƙe nasu, da abin da za mu iya yi mu da kanmu.

Abin da Nassarawa take tuna mana

Bari mu fara daga Nassarawa ɗin kanta. Sojojin Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Turawan mulki ba su zauna cikin ganuwa ba, sai suka kafa ofisoshinsu da gidajensu a Nassarawa, inda Sarkin Kano yake da gidan hutawa. Daga nan unguwar ta zama mazaunin manyan ma'aikatan gwamnati.

A wannan wuri ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a 1909. Da Hausa ake koyarwa, cikin rubutun boko. A 1912 ya buga ƙa'idodin rubuta Hausa da baƙaƙen boko. Gidan da ya zauna, wato Gidan Ɗan Hausa, ginin ƙasa ne, ya haura shekara ɗari, yana nan tsaye a Nassarawa, an mai da shi gidan tarihi.

Cikin malaman makarantar akwai wani dattijo mai suna Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi bauta, aka 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Ingila a 1855. A can ya zauna da wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, yana ba shi labaru da kalmomin Hausa. Da taimakonsa Schön ya buga nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, ya kuma juya waɗansu sassa na Littafi Mai Tsarki. Dorugu ya rasu a Kano a 1912.

Ashe unguwar da jikokinmu suke mance Hausa a cikinta yau, a nan ne aka fara koya wa yara rubuta ta a makarantar gwamnati. Duk mai ɗa a Nassarawa, ya kamata ya kai shi Gidan Ɗan Hausa ko da sau ɗaya, gama gani ya kori ji.

Gadon da aka bar mana

Na fari, Littafi. A 1900 Bishop Tugwell na mishan ɗin C.M.S. ya iso Kano da 'yan rakiyarsa, cikinsu da Likita Walter Miller. Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka juya. Miller ya samu zama a birnin Zariya a 1905, ya yi shekaru yana aikin fassara tare da Hausawan da suka taimake shi da ma'aikatan sauran mishan. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Sabuwar fassara ta fito a 1979. Ku lissafa: daga nahawun Schön zuwa cikakken Littafi shekara 70 ne cur. Abin da aka yi shekara 70 ana haɗawa, gida yana iya sakinsa cikin tsara ɗaya, in yara ba su iya karatun Hausa ba.

Na biyu, gini. A 1929 mishan ɗin ya tashi daga birnin Zariya ya koma Wusasa. Majami'ar Waliyyi Bartalamawus da aka gina a can, da tubali da ƙasa aka yi ta, bisa ga tsarin maginan Hausa. Wanda ya shiga cikinta ya ga kaurin bango da sanyin ɗaki, ya san ɗakin sujada ba lalle sai ya yi kama da na Ingila ba.

Na uku, waƙa. Yawancin waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi juyi ne daga na Turawa, amma mun rera su har sun zama namu. Ban da su akwai waɗanda matan Zumunta suka tsara da kansu, da tulu da ganga da caki, mai ba da waƙa tana yi ana amsawa, kamar yadda ake yi wajen daka da niƙa. Haka kuma waƙoƙin ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, wadda ta fara a shekarun 1960. Da yawa cikin waɗannan ba a rubuce suke ba. In tsohuwar da ta san su ta rasu, sun tafi tare da ita.

Na huɗu, mutane. Daga jama'ar Wusasa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na fari ɗan Arewa. Daga makarantarta Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. John Tafida, wanda ya rubuta *Jiki Magayi* tare da Rupert East a shekarun 1930, mutumin can ne. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya girma. A ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Kano da Katsina da Zazzau, masu bishara da katikis sun yi shekaru suna koyar da karatu da Hausa, makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa ta horar da da yawa cikinsu. A 2023 aka kafa dayosis na Katolika a Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, mutumin Malumfashi, bishop ɗinsa na fari, shi ne kuma Bahaushe na fari da ya zama bishop a Katolika. Yaron da ya san waɗannan sunaye ba zai sunkuyar da kai ba in aka ce masa Bahaushe ba ya zama Kirista, ko Kirista ba ya zama Bahaushe.

Na biyar, al'adun noma: gayya, da ajiyar iri a rumbu, da addu'ar shuka, da godiyar kaka inda kowa yake kawo damin gero ko kwanon gyaɗa gaban majami'a.

Akwai wata gaskiya da ya kamata mu faɗa a nan. Ba dukanmu ne Hausawa ba. A majami'un Hausa na Kano za ka tarar da Bajju da Atyap da Birom da Angas da Tangale da Bura da mutanen Zuru. Hausa ce ta haɗa mu a sujada, amma kowa yana da harshen gidansu. Waɗansu daga cikin harsunan nan Hausa ce ta fara danne su tun kafin Turanci ya zo. Saboda haka in muna maganar gado, hawa biyu ne: harshen da ya haɗa mu, da harshen da uwa ta yi mana rarrashi da shi. Dukansu biyu suna bukatar kulawa.

Waɗansu masu irin damuwarmu

A ƙasar Amurka akwai jama'a da ake kira Hisfanik. Su ne waɗanda asalinsu ya fito daga ƙasashen da ake jin Sifaniyanci, irin su Meziko, Kyuba, Gwatamala, Kolambiya da Sifen kanta. Ƙidayar 2020 ta nuna sun kai miliyan 62, wato kusan mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar. Manomi ba baƙo ba ne ga ƙasashensu na asali, gama masarar da muke shukawa daga Meziko ta samo tushe, tumatir da barkono da gyaɗa su ma daga wancan yanki na duniya suka zo mana.

Halinsu ya yi kama da namu ta fuska uku. Su ma ƙabilu ne dabam dabam da harshe ɗaya ya haɗa. Su ma Sifaniyancin da ya haɗa su ya danne waɗansu harsuna na 'yan ƙasa tun da can. Su ma suna zaune a inda Turanci ne harshen makaranta da ofis, 'ya'yansu kuwa suna saurin komawa gare shi.

A 1968 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta keɓe mako guda don tunawa da gadonsu. A 1988, zamanin Ronald Reagan, aka mai da shi wata guda, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba. An zaɓi 15 ga Satumba domin ranar 'yancin kai ce ta ƙasashe biyar, wato Kosta Rika, El Salbado, Gwatamala, Honduras da Nikaragwa. Ta Meziko tana biye, ran 16. Cikin wannan wata majami'u da yawa suna yin sujada da harshe biyu, a shigo da tutocin ƙasashe, a ci abincin gida tare.

Amma aikin da ya fi nauyi ba cikin watan biki aka yi shi ba. Ga kaɗan daga ciki.

*Shugabanni daga cikinsu.* Sai a 1970 aka sami bishop na fari na Katolika daga Amurkawa 'yan asalin Meziko, Patricio Flores, a birnin San Antoniyo na jihar Teksas. Iyayensa 'yan ƙwadagon gona ne, shi ma ya yi aikin gona yana yaro. A 1972 aka buɗe cibiya a wannan birni don koya wa ma'aikatan ekklesiya harshe da al'adun jama'ar.

*Zama a saurari jama'a.* Sun kafa wani babban taro da suke kira Enkuwentiro, wato haɗuwa. An yi shi a 1972, da 1977, da 1985, da 2000, da 2018. Na 2018 an yi shekaru ana shirya shi: aka fara daga ƙananan ƙungiyoyi a majami'u, aka tattara abin da mutane suka faɗa aka kai dayosis, daga can zuwa yanki, kana zuwa taron ƙasa.

*Biki a cikin gidaje.* Daga 16 zuwa 24 ga Disamba suna yin Fosadas, ma'anarsa masauki. Dare tara, jama'a da yara suna bin gida gida suna waƙa, suna kwaikwayon Yusufu da Maryamu sa'ad da suke neman masauki a Baitalami. A hana su a ƙofa ɗaya da ta biyu, a buɗe musu a ta ƙarshe. Sai a yi addu'a, a ci ƙullun masara da aka naɗe a ɓawonta aka turara, kamar yadda muke yin alale. Ku lura, yara ne a gaba, kuma da harshen gida ake waƙar.

*Labarin da ya ɗaukaka harshen talaka.* Ran 12 ga Disamba 'yan Katolikansu suna bikin Maryamu ta Gwadalufe. Bisa ga abin da suka riƙe, a 1531 ta bayyana ga wani talaka ɗan ƙasa mai suna Huwan Diyego a kan wani tudu kusa da birnin Meziko, ta yi masa magana da harshensa na Nawatil, ba da Sifaniyancin masu mulki ba. Ba dukanmu ne 'yan Katolika ba, amma kowa zai gane abin da ya sa talakawa suka riƙe labarin nan kusan shekara 500.

*Addu'ar gona.* Ran 15 ga Mayu suna tunawa da Waliyyi Isidoro Manomi, wanda ɗan ƙwadago ne a gonakin Madrid. A ƙauyukan jihar Niyu Meziko akan fita daga majami'a a zaga gonaki da hanyoyin ban-ruwa ana roƙon albarka. Lokacin ya yi daidai da sa'ad da mu ma muke duban gabas muna jiran ruwan shuka.

Duk da wannan ƙoƙari, harshen yana zubewa. Binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2023 ya nuna cewa cikin jikokin waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka, da na bayansu, kusan ɗaya cikin uku ne kawai suke iya yin hira sosai da Sifaniyanci. Jama'a miliyan 62 ke nan, masu gidajen rediyo da talabijin na kansu, da wata guda na biki da doka ta ba su. In haka ta same su, kada wani ya ce namu ba zai ɓace ba don Hausa tana da yawan masu ji. Kasuwa za ta koya wa yaro ciniki da Hausa. Karatun Littafi da addu'a da waƙar sujada kuwa, in gida da ekklesiya ba su koya masa ba, babu mai koya masa.

Darasin majami'ar ƙasa

A wani ƙauye mai suna Rancos de Tawos, a jihar Niyu Meziko, akwai majami'ar Waliyyi Faransis da aka gama a farkon ƙarni na 19. Da tubalin ƙasa aka gina ta. Su suna kiran tubalin adobe, masana kuwa sun ce wannan kalma da tamu ta tubali duk daga Larabci suka fito.

Tun asali, jama'a ne suke taruwa su yi mata yaɓe da ƙasa da ciyawa. A shekarun 1960 aka ga wahalar ta yi yawa, aka shafe ta da siminti don a huta. Siminti ya tsage, ruwa ya shiga, ya rasa hanyar fita, tubalin ya riƙa narkewa daga ciki alhali waje yana kyalli. A 1979 aka kankare simintin, aka gyara bangon, aka koma yaɓen ƙasa. Tun daga lokacin, kowace shekara a watan Yuni, maza da mata da yara suna fitowa su yi gayyar yaɓe. Manya suna kwaɓa ƙasa, tsofaffi suna nuna wa matasa yadda ake shafa ta da hannu.

Duk wanda ya taɓa zama a soro ya san wannan. Kafin damina sai an duba indararo, a toshe tsaga, a yi yaɓe da makuba. Shekarar da aka yi sakaci, ita ce shekarar da katanga take zubewa. Gado ma haka yake. Ranar al'adu sau ɗaya a shekara, inda za a sa kayan gargajiya a yi rawa a ɗauki hoto, abu ne mai kyau, kada a daina. Amma in ita kaɗai ce, ta zama siminti: waje yana kyau, ciki yana narkewa. Abin da yake riƙe gini shi ne hannuwan da suke taɓa shi a kai a kai. Ribar gayyar ma biyu ce, gama bango yana samun yaɓe, yara kuma suna koyon yinsa.

Tambayoyi uku da akan yi

*Ba komawa tsafi ba ne wannan?* A'a. Mai hatsi ba ya zubar da dami don akwai ƙaiƙayi, sheƙewa yake yi. Akwai abubuwan da iyayenmu suka bari sa'ad da suka karɓi bishara, ba mu ce a komo da su ba. Amma gaisuwa, da kunya, da karɓar baƙo, da gayya, da tatsuniya, da karin magana, da kiɗan tulu, wane laifi suka yi? A 1963 Majalisar Batikan ta Biyu ta buɗe ƙofa ga yin sujada da harsunan jama'a da kiɗansu. Sauran ekklesiyoyi tun farko da harshen jama'a suka yi wa'azi. Sura ta 2 ta Ayyukan Manzanni ma ta nuna mana cewa ran Fentikos kowa da harshen garinsu ya ji maganar. Aikin sheƙewa na dattawa ne da fasto ko fada, su zauna tare da tsofaffin da suka san asalin kowace al'ada.

*Ba zai hana yara iya Turanci ba?* Ba zai hana ba. Yaro yana ɗaukar harshe biyu ko uku ba tare da wahala ba, kamar yadda yawancinmu muka tashi. Dokta Dikko da Farfesa Ishaya Audu da Hausa suka tashi, ba ta kuwa hana su zama likitoci ba.

*Ba zai raba kan ekklesiya ba?* Zai raba in kowace ƙabila ta ja gefe tana gasa da 'yar'uwarta. In kuwa kowa ya kawo nasa gaban kowa, ƙaruwa ce. Ban da haka, Hausa da al'adun gaisuwa da zumunci, mu da maƙwabtanmu Musulmi muka gaje su tare. Yaron da ya iya gaisuwar suna da ta ta'aziyya yadda ya kamata, ya sami mabuɗin zaman lafiya da unguwarsu.

Abin da za mu iya yi

Ga shawarwari bakwai. Babu wadda take bukatar kuɗi mai yawa.

1. Ajin karatun Hausa. Kowace majami'a, ta birni da ta ƙauye, ta ware minti 20 a makarantar Lahadi don koyon karatun Hausa, har da ƙa'idar ɓ da ɗ da ƙ. Yaron da ya iya karatun Turanci ba ya daɗewa kafin ya kama. Ran da ya iya, a ba shi karatun Littafi a gaban jama'a.

2. Sujadar haɗuwa. Inda ake sujadar Turanci dabam da ta Hausa, a haɗa su ko da sau ɗaya a wata uku. A yi karatu ɗaya da Hausa, ɗaya da Turanci, a ba wata ƙabila ta yi waƙa da harshenta, a fassara ma'anar. Wani zagaye kuma a ba wata.

3. Ɗaukar muryar tsofaffi. Matasa suna da wayar hannu. A raba su biyu biyu, su zauna da tsofaffin Zumunta da tsofaffin masu bishara, su ɗauki waƙoƙi da labarin yadda aka kafa majami'ar: wa ya kawo bishara, wace shekara, a gindin wace itaciya aka fara taro. A rubuta a littafi mai bango, a ajiye ɗaya wurin magatakarda, ɗaya a hedkwatar gunduma. Kada a bar shi a waya kaɗai, gama waya tana ɓata.

4. Hutu a ƙauye. Iyayen da ke birni su riƙa turo yara gida lokacin dogon hutu, sa'ad da ake noma. Mako uku wurin kaka ya fi shekara guda ta darasi. Mu na ƙauye kuma kada mu yi musu dariya in sun karya harshe, gama dariya ce take rufe bakin yaro.

5. Addu'ar shuka da godiyar kaka. Kafin ruwan fari a kawo iri majami'a a yi addu'a, a yi musayar irin gargajiya na gero da dawa da wake tsakanin gidaje, don kada wani iri ya ƙare a hannun mutum ɗaya. Da kaka kuma majami'ar ƙauye ta gayyaci 'ya'yanta na birni, a sa ranar da wuri domin su sami zuwa da yaransu.

6. Zagayen Kirsimati. Masu zagayen waƙa gida gida kafin Kirsimati su sa yara a gaba, a yi waƙoƙin da harsunanmu, a fara da gidajen tsofaffi da marasa lafiya. Abincin da za a ci ya zama na gida: waina, dambu, fate, kunun gyaɗa. 'Yan mata da samari su shiga madafa su ga yadda ake yi.

7. Tsohon gini. In an sami halin gina sabuwar majami'a ta bulo, kada a rushe tsohuwar ta ƙasa. A mai da ita ajin yara ko ɗakin ajiyar littattafai, a sa ranar gayyar yaɓe kowace shekara kafin damina. In ana yaɓen, ƙasa da makuba za a sa. Kada a shafa siminti a kan tubali.

A gida kuma, abu ɗaya ya fi duka sauƙi: addu'ar dare da gaisuwar safe su zama da harshen gida, ko a Nassarawa ake zaune ko a rugar da mota ba ta zuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna roƙon kowane mai karatu ya kai wannan takarda zaman dattawa da taron Zumuntar Mata da na matasa, a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Ku zaɓi abu biyu cikin bakwai ɗin nan, ku sa sunan wanda zai ɗauki nauyin kowanne, ku sa rana. Wanda yake da ɗa ko 'ya a birni ya aika masa da ita. Majami'ar da ta fara kuma ta rubuto mana yadda abin ya tafi, da abin da ya yi wuya, domin sauran su ƙaru.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya. Amin.